Mashin ɗin Soronmu

Husna, yanzu ba ki iya karatu ba, sai dai ki samu gawayi ki yi ta zane a bango Umma tana faɗa. Amma watarana za ki iya, kuma watarana wata a islamiyya ko a gidan biki za ta ja ki gefe ta gaya miki yadda mahaifiyarki ta rasu. Na san abin da za ta ce, don na ji shi da kunnena har na gaji. Shi ya sa na zauna nake rubuta miki tun yanzu, tun tabon wuyana bai gama ɓacewa ba. Ni Antinki Zuwaira ba wani karatu mai zurfi na yi ba, sakandare na gama, sana'ata lalle. Abin da idona ya gani shi zan faɗa miki.

Mahaifiyarki, Yaya Rabi, ita ce 'yar farin Umma, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanta a bakin Umma ba. Sai dai ta ce "ita wannan", ko "yayarku". Daga ita sai Yaya Kabiru, kawunki, sai ni. A Ƙofar Ruwa take aure, mu kuma muna nan Sheshe, a gidan da kike ciki yanzu. Ranar da abin ya faru yaye ta kawo ki. Ta wuni tare da mu, ta yi wa Umma tsifa, ta ci ɗanwaken da na yi tana kushe shi wai ya yi kanwa. Da yamma ta yi, aka lallaɓa ki kika yi barci don kada ki ga fitarta. Ta tsaya a kanki ta daɗe, hawaye yana zuba tana dariya.

"Ke dai wuce ki tafi," in ji Umma. "Kanki aka fara yaye?"

Yaya Kabiru ne zai kai ta a sabon mashin ɗinsa, irin ƙananan nan da ake kira roba-roba. A lokacin bai daɗe da buɗe shagon gyaran waya ba, komai nasa yana tafiya daidai. Yaya Rabi tana sanye da dogon hijabin da Baba ya rina mata da hannunsa a marinar Ƙofar Mata lokacin da ta haife ki, shuɗi mai duhu har yana sheƙi, yana jan ƙasa. Ni da Umma muka raka su ƙofar soro. Ana gab da kiran magariba suka tafi. Ba a idar da sallah ba aka turo mutum ya ce Yaya Rabi ta rasu a hanya.

Abin da ya fara rikita mutane shi ne babu mota, babu rami, babu wanda ya buge su. Masu shayi da masu facin da ke bakin titin duk magana ɗaya suka yi: mashin yana tafiya a hankali, sai kawai suka ga matar da ke baya ta yi sama ta dawo da ƙeya, kamar wani ya tsaya a bayanta ya fizge ta. Shi ma Yaya Kabiru abin da ya iya faɗa ke nan.

"Tana min magana fa. Tana cewa in saya wa Husna biskit gobe. Sai na ji mashin ya yi wani tirjewa, na ji bayana ya yi sanyi. Na waiga babu kowa."

Hijabin da shi aka lulluɓe ta a titi, ya jiƙe da jini, Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ƙunshe shi a leda ta ƙona a bayan gida don kada Umma ta gani. Babu wanda ya buɗe shi. Sai kuma Hajiya Tabawa, maƙociyarmu da take wa mata wankan gawa, ta fito daga ɗaki. Ta ce akwai shaida a wuyan Rabi, ta zagaye shi tun daga maƙogwaro har bayan kunne, baƙa ƙirin, kamar an zarga mata igiya an ja. Ta ce shekara da shekaru tana wannan aikin ba ta taɓa ganin irinta ba.

Da farko mutanen ɓoye aka ce. Magariba ce, wurin kuma kusa da tsohuwar ganuwa, kowa yana da labarin da ya taɓa ji. Da a nan maganar ta tsaya da mun haƙura. Amma kafin a yi sadakar arba'in ta canza kama. Wai ina yaro kamar Kabiru ya samu shago da sabon mashin a shekara guda? Wai an san irin masu ba da jininsu don duniya. Ba wanda ya faɗa a gabanmu, amma ina zuwa gidajen amare yin lalle, sai in shiga ɗaki a yi tsit, wata ta janye ƙafarta wai ta fasa. Babanki, Malam Nasiru, ya daina ba Yaya Kabiru hannu. Idan ya zo ganinki a waje yake tsayawa, a miƙo masa ke. A masallacin unguwa kuwa, Baba ya ce da idonsa ya ga an bar gurbi a sahu, dama da hagun ɗansa, aka tayar da sallah a haka.

Yaya Kabiru ya rufe shago. Ya daina fita, ya rame har wuyan rigarsa yana zamewa. Abin da ya fi ba ni tsoro, shi da kansa ya fara shakkar kansa. Wata rana na kai masa abinci ya riƙe ni da ido ya ce:

"Zuwaira, anya ban taka wani abu ba? Ko wani ya ba ni wani abu na karɓa ban sani ba?"

Mashin ɗin kuwa samarin unguwa ne suka turo shi tun a daren, aka jingine shi a lungun soro aka rufa masa tsohuwar tabarma. Baba ya sa a nemi mai saye, ba wanda ya ko taya. Ya zama duk mai shiga gidanmu sai ya raɓe jikin ɗaya bangon yana a'uziyya. Ni kaina da gudu nake wuce soron ko da rana tsaka. Wallahi wani lokacin, idan zafi ya yi zafi, nakan ji wani wari yana fitowa daga ƙarƙashin tabarmar nan, warin da na sani amma na kasa tuna na mene ne. Haka muka zauna fiye da shekara. Sai Yaya Kabiru ya ce wa Baba idan an yi babbar sallah zai bar garin, zai bi masu tafiya ta sahara, inda ba wanda ya san fuskarsa. Duk mun san wanda ya tafi da irin wannan zuciyar ba dawowa zai yi ba.

A cikin kwanakin ne wata amarya da na yi wa lalle ta ba ni labarin wata ƙungiya da take koya wa mata tuƙin mashin da kiyaye haɗari, har ta taimaka musu su samu lasisi. A hanyar gida wani tunani ya shige ni ya ƙi fita. Na ce idan mutanen unguwa suka gan ni, ƙanwar Rabi, ina hawa mashin ɗin nan kullum ina dawowa lafiya, ai dole bakinsu ya mutu. Tunanin yarinta ne, amma shi kaɗai nake da shi. Da na faɗa a tsakar gida Umma ta saki muciyar da ke hannunta.

"Wanne mashin ɗin? Na soro? Ɗaya bai ishe ku ba?"

Baba ya kalli hannayensa, waɗanda shuni ya riga ya zauna a cikinsu har farce. Sannan ya ce:

"Ƙarfe ne da roba. In har za ki yi, ki yi shi bisa ƙa'ida, ki koya a hannun waɗanda suka sani, ki karɓo takarda. Ban yarda ki hau titi ba sai da ita."

Umma ba ta yi min magana ba har kwana ya kewayo.

A wani filin makaranta da ke bayan ganuwa ake koyarwar. Mai koya mana wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin kula da hanya, kowa Oga Saje yake ce masa saboda sajensa fari fat. Ba ya bayani mai tsawo, tsawa ce kawai. Sai mataimakiyarsa, Anti Larai, ma'aikaciyar asibiti da ta daɗe tana hawa mashin zuwa aiki, ita ce mai lallashi. Kullum kafin a taɓa mashin sai mun yi layi Oga Saje ya bi mu ɗaya bayan ɗaya.

"Hular kwano, a ɗaure igiyarta! Ke, silifas kika zo da shi, wanka za ki? Hijabi a naɗe, a tattaro shi gaba, a zauna a kai! Ba na son ganin tuta!"

Mu kuwa dariya muke yi, mun ɗauka so yake mu yi kama da sojoji. Mazan da suke zama a kan katanga ma ba su bar mu ba.

"Hajiya direba, nawa ne Kurmi?"

"Sai ka jira ta koyi birki, in ba so kake a sauke ka a asibiti ba," in ji Anti Larai.

A kan mashinan ƙungiyar muka fara. Na koyi buga kik, na koyi sakin totur a hankali, na koyi cewa birkin gaba shi kaɗai a kan yashi kayar da mutum yake. Oga Saje ya jera tsofaffin tayoyi muna zagaya su, ya koya mana kada ka kalli abin da kake tsoron bugewa, ka kalli inda kake son zuwa. Ya koya mana duba madubi kafin a juya, da yadda ake nesa da gefen babbar mota, don direban ba ya ganin ka. Aka kai mu ofishin lasisi aka gwada idonmu, aka ɗauki hoto da zanen yatsu, aka ba mu takardar koyo. Na faɗi ya fi a ƙirga, amma na fara jin daɗin abin, har nakan manta dalilin zuwana.

Sai aka ce duk mai mashin ta kawo nata, don da shi za a yi mata gwaji. Baba ya kira bakaniken bakin titi. Mutumin bai yarda ya shiga soron ba sai da Baba ya janye tabarmar da kansa. Ya canza fulogi da baƙin mai, ya ba tayoyi iska, ya zuba fetur, bai ƙara taɓa komai ba, sauri yake ya bar wurin. Bugu uku mashin ya tashi. Ƙarar ta cika gidan. Daga ɗakin Yaya Kabiru muka ji an rufo taga da ƙarfi. Bakaniken ne ya kai shi filin ya bar shi wurin maigadi.

Tun hawan farko na san ba daidai yake da sauran ba. Bayansa da nauyi. Kin san yadda mashin yake yi idan an ɗauki mutum, sai ka ƙara totur kafin ya ja? Haka yake yi, alhali ni kaɗai ce a kai. Sannan akwai wata ƙara a ƙasa-ƙasa ta bayana, shuu, shuu, kamar mace tana tafiya zaninta yana jan ƙasa. Idan na tsaya ta tsaya. Idan na ƙara gudu ta ƙara sauri. Da injin ya yi zafi sai warin nan na soro ya taso, a ranar kuma na gane shi: warin marina ne, warin da ke jikin rigar Baba idan ya dawo aiki. Na kasa duba madubi, don na tabbata in na duba zan ga shuɗi a bayana.

"Madubi, Zuwaira! Ado aka sa miki shi?" Oga Saje yana ta ihu.

Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa? In na faɗa a gida na tabbatar da maganar mutane da bakina. Na riƙa karanta duk addu'ar da na sani a cikin hular kwano, ina zagaya tayoyi, abin yana bina shuu, shuu.

Ana saura kwana kaɗan gwaji na riga kowa zuwa filin, da hantsi, babu kowa sai maigadi a can bakin ƙofa. Na ce yau sai na duba madubin nan, ko me zan gani in gani, ba a gaban mutane ba. Na sa hular kwano na ɗaure, wannan ya riga ya zama jiki. Amma hijabina, ruwan toka, dogo har ƙasa, yana nan a sake yadda na fito da shi daga gida, don ba wanda ya daka min tsawa. Na tayar da mashin na miƙi filin. Ƙarar ta fara. Na ƙara totur, iska ta shiga hijabin. Na ɗaga ido zan kalli madubi ke nan sai aka kama ni ta baya.

Husna, ba zan iya kwatanta miki ba. Hannu ne, haka na ji shi, hannu mai ƙarfin da ba na mutum ba, ya damƙi wuyana ya ja. Na ga sama, na ga rana, ƙeyata ta daki ƙasa har na ji hular ta yi ƙara. Numfashina ya tsaya. Ana ta ja na, ina shure-shure, ina so in ce Yaya Rabi ki yi haƙuri, babu murya. Sai duhu.

Da na farfaɗo kaina yana kan cinyar Anti Larai, almakashin jakarta a hannunta, ta yanke hijabin daga wuyana. Allah ne ya kawo ta a daidai lokacin. Sauran mata sun zo sun kewaye ni, wasu suna kuka. Oga Saje yana tsaye, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bai yi tsawa ba. Ya ɗaga hular kwanon ya nuna mana inda ta tsage ta baya.

"Da babu ita, da kanki ne wannan," ya ce. "Ku matso duka. Na ga tsawa ba ta isa ba, yau da ido za ku gani."

Ya kwantar da mashin ɗin. Rabin hijabina ya naɗe a tayar baya, ya bi ta wata tsaga da ke bakin murfin sarƙa ya shige ciki. Ya ce taya ba ta fizgar mutum da wasa, in ta kama bakin zane sai ta naɗe shi kamar zare, wuya kuma shi ne ƙarshen zaren. Ya ce ya sha ɗaukar mata a titi saboda wannan, yawancinsu ma a baya aka goyo su. Ya sa sifana ya kwance murfin, yana warware ƙyallena a hankali. Sai ya tsaya. A ƙarƙashin nawa akwai wani. Ya naɗe a jikin ƙarfen ya yi tauri, giris da ƙura sun mai da shi baƙi, gefensa ya cinye saboda gogar sarƙa. Da wuƙa ya ɓanɓaro shi.

"Wannan ba na yau ba ne. Shi yake riƙe miki taya. Mashin ɗin wane ne?"

Na rarrafa na kama madubin mashin ɗin na juyo shi, na duba a karon farko. Ba kowa a bayana. Ni ce kawai, da shaida a wuyana, ta zagaye shi tun daga maƙogwaro har bayan kunne, daidai yadda Hajiya Tabawa ta faɗa, kamar tana kallona ne lokacin da take faɗa.

Za ki ce ai sai in ruga gida da murna, Yaya Kabiru ya wanku. Na so in yi haka. Amma ina cikin adaidaita, ƙyallen yana cikin jakar lallena, sai wani abu ya dawo min da na manta tun ranar. Lokacin da Yaya Rabi ta hau bayan mashin ɗin a ƙofar soro, ta tattare hijabinta a cinya, zaninta ya ɗan ɗage, ƙwaurinta ya fito. Umma ta matsa ta ce, "Ke da aurenki za ki ratsa gari ƙafa a waje?" Ta sa hannu ta warware hijabin, ta saukar mata da shi dama da hagu har ya rufe takalminta, ta gyara shi da kyau ta baya. Duk uwa a unguwarmu haka za ta yi. Ni ma da ni ce kusa haka zan yi. Kuma ba wanda ya gani sai ni, don Yaya Kabiru gabansa yake kallo.

Na shiga gida da aron hijabin Anti Larai, na ce faɗuwa na yi. Kwanaki ina ɓoye wuyana, ko alwala sai na shiga banɗaki. In na yi shiru Yaya Kabiru zai tafi da sunan mai tsafi. In na yi magana na ɗauke dutsen daga kansa na ɗora wa Umma. Jakar lallen tana rataye a ɗakina, warin marina ya cika ɗakin, ko kuwa ni kaɗai nake jin sa, ban sani ba. Ranar da na ga Yaya Kabiru ya wanke jakar bayansa ya shanya a igiya, na ɗauki tawa jakar na tafi Ƙofar Mata.

Na samu Baba a bakin rijiyar rininsa yana tsoma wani yadi. Na ja shi gefe, na buɗe wuyana, na miƙa masa ƙyallen. Ya aika aka kawo kananzir a gwangwani, ya tsoma shi yana murzawa da yatsu, ya sake wankewa da sabulu. Baƙin yana fita, shuɗin yana fitowa. Ya ɗaga shi a rana, ya juya, ya kai hancinsa.

"Rinina ne," ya ce. "Sau tara na tsoma mata shi."

Ya zauna a ƙasa a cikin tokar marina. Na gaya masa abin da Oga Saje ya ce. Maganar hannun Umma kuwa na haɗiye ta, na ce a raina wataƙila ta manta.

Bayan la'asar Baba ya tara mu a tsakar gida, har Yaya Kabiru, ya aika aka kira Hajiya Tabawa. Kina nan kina wasa da murfin kwano. Ya shimfiɗa ƙyallen a kan tabarma ya ce in cire hijabi. Hajiya Tabawa tana ganin wuyana ta yi salati ta ja da baya har ta bugi randa.

"Ita ce! Wallahi irinta ce sak!"

Baba ya yi bayani a hankali, yadda taya take kamawa, yadda take naɗewa. Yaya Kabiru ya ɗauki ƙyallen, yana juya shi. Ni Umma nake kallo. Ba ta yi kuka ba. Ta zuba wa ƙyallen ido, sannan ta ɗaga hannayenta biyu tana kallonsu kamar na wata.

"A cinya ta tattare shi," ta ce. "Ni na saukar mata."

"Umma," na ce.

"Ni na saukar mata. Har na gyara ta baya." Sai ta kira sunan da ban taɓa ji a bakinta ba. "Rabi. Rabi, 'yata."

Yaya Kabiru ne ya rarrafa ya riƙe hannayen nan nata, yana cewa kwana ne ya ƙare, Umma, kwana ne ya ƙare, maganar da shi ba wanda ya gaya masa da zuciya ɗaya tun ranar.

Baba ya tafi da ƙyallen masallaci da magariba. Hajiya Tabawa kuma ta bi gida-gida da bakinta, yadda ta yaɗa ta farko haka ta yaɗa ta biyu, amma maganar hannun Umma ba ta fitar da ita ba, Allah ya saka mata. Wasu sun yarda, wasu har gobe za su ce ai dole mu kare namu. Babanki ya zo har cikin soro ya miƙa wa Yaya Kabiru hannu, suka daɗe ba su saki ba. Babbar sallah ta zo ta wuce, jakar bayan tana rataye a ƙusa. Ya sake buɗe shagon, ko da yake har yau bai ƙara hawa mashin ba.

Ni kuwa an ɗaga min gwaji sai da wuyana ya saki. Oga Saje ya sa aka canza murfin sarƙar, ya ba ni sabuwar hula. Na zagaya tayoyin, na tsaya inda aka ce in tsaya, na duba madubi kafin kowane juyi. Mashin ɗin ya zama sakayau, babu nauyi, babu ƙara. Lasisin yana cikin jakata yanzu, hoton ya fito da ni kamar wadda aka tsorata, kuma gaskiya ne. Ba zan ɓoye miki ba, har yanzu idan aiki ya bi da ni ta Ƙofar Ruwa nakan ji bayana ya yi sanyi, kuma wani lokacin warin marina yakan taso alhali babu komai a cikin murfin. Na daina neman dalilinsa.

Umma ce ba ta dawo daidai ba. Ta rage magana, takan zauna da muciya a hannu har tuwo ya kama. Wannan ni na jawo mata, na sani, kuma da za a mayar da ni ranar da haka zan sake yi. Amma kullum da safe, idan ta ji na turo mashin daga soro, sai ta fito ko me take yi. In hau, ta sa hannu ta tattaro hijabina, ta naɗe shi ta cusa min a ƙarƙashin cinya, ta zagaya ta baya ta duba, ta sake dubawa. Ƙwaurina yana waje, matan lungu suna kallo, ba ta ko ɗaga kai. Jiya da ta gama ta dafa kafaɗata ta ce:

"To, Rabi, a sauka lafiya."

Ban gyara mata ba. Na ce amin, na duba madubi, na ja.